Soket ɗin da Na Sa Aka Rufe

Jama'a, yau kam ku ajiye dariyar da kuka saba yi mini a wurin sharhi, don ni kaina ba da fuskar wasa na zauna rubutun nan ba. Wadda ta matsa sai na sa hoton ɗakin amarya, ki yi haƙuri 'yar uwa, ɗakin ne ma ya jawo komai.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce Auta a gidanmu. Ɗinkin labule da zanin gado nake yi a wani shago, kuma saura 'yan makonni a ɗaura mini aure da wani mai aikin wutar lantarki. Kowa a gidanmu Injiniya yake ce masa, har Umma. Ya gaji da faɗa mana cewa shi wayoyi kawai yake ja a gine-gine, sunan ya riga ya bi shi. Ƙato ne mai kaurin wuya, maganarsa a hankali kamar ba ya son ya tashi kowa. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, kafin a gama gaisawa ya gyara fankar falo da ta shekara tana ƙara. Tun daga ranar Umma ta sa shi a ranta.

Sai dai Umma tana da sharaɗi ɗaya a kan aure, kuma mun haddace shi tun muna yara. Ta yi shekaru tana jinyar Abba bayan ɓarin jikinsa ya shanye, ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, har Allah ya karɓi abinsa. Shi ya sa duk wanda ya zo neman ɗayanmu, maganarta ba ta canzawa: "Ni ban damu da motarsa ko albashinsa ba. Ya kasance dai lafiyayye. Abin da na gani ba na so ku gani."

To ku riƙe wannan, mu je.

Wata rana da yamma Injiniya ya tsaya a ƙofar shagonmu, ya ce in fito. Na fito da tsinken zare a jikin rigata, na same shi ya buɗe ƙofar baya ta motar, ga wata baƙar jaka a kan kujera.

"Auta, kafin magana ta yi nisa, ga abin da nake kwana da shi."

Ya zuge jakar. Wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce girman rediyo ba, da dogon tiyo mai laushi, da takunkumin roba mai maɗauri.

"Na shiga uku, ciwon me kake yi?"

"Kwantar da hankalinki. Numfashina ne yake ɗaukewa in na yi barci. Maƙoshina yana rufewa, iska ta kasa wucewa, sai jikina ya firgita ya buɗe shi. Haka zan kwana ina yi ban sani ba. Da can in na tashi da safe, ji nake kamar kwana na yi ina dako. Wannan kuma iska take hura mini a hankali, ta riƙe hanyar a buɗe."

"Kuma ba a warkewa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce an kwantar da shi a asibiti an auna barcinsa, likita ya zaunar da shi ya yi masa bayanin hanyoyin da ake bi. Akwai abin da ake sa wa mutum a baki ya turo muƙamuƙinsa gaba, amma ya fi yi wa waɗanda nasu bai yi tsanani ba. Akwai masu samun sauƙi in sun daina kwanciya rigingine. Rage ƙiba tana taimakawa, yana kuma kan yi, shi ya sa nake ganin yana ture kwalbar lemo in na kawo masa. Akwai tiyata, a rage naman da ke toshe hanyar, sai dai likita ya ce ba kowa take yi wa ba, ana iya yanka mutum ya sha wahala kuma abin ya dawo.

"Ni nawa mai tsanani ne," ya ce. "Na'urar nan ce ta dawo da ni mutum. Kin yarda da ni da ita?"

Na ce na yarda, kuma Allah ya sani a lokacin har zuciyata na faɗa. Washegari da safe ya turo mini hotonsa da takunkumin a fuska, tiyon ya sauko kamar hancin giwa. Na yi dariya har na soke yatsana da allura. Na rubuta masa: "Ina kwana Ɗan Giwa." Ya turo fuskar dariya. Na canza sunansa a wayata zuwa Ɗan Giwa, har yanzu ma haka yake.

Abin da ban yi ba shi ne faɗa wa Umma. Kullum sai in ce gobe. In na buɗe baki sai in ga yadda take shafa tsohuwar kujerar Abba in za ta wuce, sai in mayar da maganar cikina.

Da muka kama gidan da za mu zauna, shi ya ja wutar da hannunsa. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, tagar ɗakin kwana tana kallon bayan wata makaranta. Ranar da ya gama ya kira ni, jikinsa duk ƙurar bango, yana murna kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ya nuna mini wani farin soket mai baki biyu a gefen hagu, daidai inda kansa zai kasance in ya kwanta.

"Kin ga wannan? Layinsa daban ne. Na haɗa shi da batir, ko an ɗauke wuta ba za ta mutu ba. Nan kuma ki bar mini wurin 'yar durowa, in ɗora ta."

"An gama, ranka ya daɗe," na ce.

Ban kai gida ba Gwaggo ta kira ni. Ƙanwar Abba ce, kuma duk dangi sun san ta: in ta shiga gidan mutum sai ta buɗe firji, ta ja durowa, ta leƙa bayan labule, tana cewa ai taya ka gyara take. Ta ce da zarar an kafa gado ita da Umma za su zo su ga inda za a kai ni. Nan take na hango ta tsaye a ɗakin, ta ɗago tiyon da yatsu biyu tana cewa, "Ke Auta, wannan kuma na mene ne? Mara lafiya za ki aura?" Na hango fuskar Umma.

Zan iya tsayawa a nan in ce don Umma na yi, ku tausaya mini. Amma tunda na ce zan faɗa, bari in faɗa duka. Akwai wani allon kan gado da na gani a waya na ƙwallafa rai a kansa, mai laushi ruwan toka, daga wannan bango zuwa wancan, da siririn zare ruwan gwal a tsakani. Har na ɗinka labulen da zai hau da shi. Duk lokacin da na zana ɗakin a raina, da na sa na'ura da tiyo a gefe sai in ga hoton ya lalace. Tsoron Umma da son kwalliya suka haɗu a zuciyata, ban tsaya raba su ba.

Na kai kafinta ya yi awo. Dattijo ne mai fensir a bayan kunne. Ya ja tef ɗinsa, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa soket ɗin da farce.

"'Yata, akwai wuta a nan fa. In fitar masa da taga?"

"A'a Baba, rufe shi."

"Wanda ya sa shi da niyya ya sa. Kin ga ma ba irin sauran ba ne."

"Taga za ta ɓata zanen. Rufe kawai."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya rubuta awonsa a jikin katako.

Umma da Gwaggo suka zo suka yaba. Gwaggo ta ja duk abin da ake ja, ba ta samu komai ba, har da cewa "Auta an san kan ɗaki." Na ji daɗi, kun ji ni, daɗi na ji.

Injiniya kuwa sai bayan tafiyarsu ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya taka zuwa gefen hagu, ya ɗora tafin hannunsa daidai wurin, ko lalube bai yi ba, ya ɗan danna.

"Ya yi kyau," ya ce.

"Na ɗan lokaci ne fa. In baƙi suka gama zuwa sai a san yadda za a yi. Kafin nan ka dinga ajiye ta a cikin akwati, in dare ya yi..."

"Umma ba ta sani ba ke nan."

"Zan faɗa mata."

"To."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya duba mini makunnin fitilar banɗaki da yake ɗan motsi, ya ɗaure shi, ya mayar da ni gida. Mutumin da matsar da soket bai fi masa shan ruwa wahala ba, bai ce zai matsar da wannan ba, ni kuma na ɗauka an wuce wurin.

Bayan 'yan kwanaki ya kawo mini wasu singiletinsa a leda, da ƙwallayen tanis sababbi.

"Ki ɗinka mini aljihu a bayan kowace, tsakanin kafaɗu, daidai girman ƙwallon. In na juya rigingine sai ta tokare ni in koma gefe."

Jama'a, na gane. Wallahi na gane sarai. Shi da bakinsa ya faɗa mini wannan dabarar ba ta masu irin nasa ba ce. Tambaya ɗaya ce ta kamace ni: likita ne ya ce? Ban yi ta ba, don na san amsar, kuma ba na son in ji ta. Na zauna a kan keke na ɗinka masa aljihunan, har da ninki biyu don kar su yage, na goge su na feshe su da turare. Na miƙa masa ina cewa, "Allah ya sa a dace." A raina ina lissafin cewa in ta yi, shi ke nan, na huta da faɗa wa Umma.

Daga nan saƙonninsa suka fara canzawa. Mutumin da yake rubuta mini magana tsaf har da aya, sai ya turo "ina kan hany" ya yi shiru. In na ce ina ka shiga, sai can ya ce, "Yi haƙuri, barci ne ya ɗan sace ni a mota kafin in tayar." Ya fara ciwon kai da safe. Ƙasan idonsa ya yi baƙi. Rannan ya yi wa wani mai sayar da kayan wuta tsawa a waya a gabana, shi da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Na tambaye shi sau ɗaya, a sama-sama, "Kana dai amfani da abin ko?" Ya ce, "Ina gwada wani abin baki da na saya, an ce yana yi." Na ce to, na canza hira zuwa kalar kafet.

Ranar hutun ƙarshen mako ya zo gaishe da Umma da rana. Na sa doguwar riga shuɗiya da yake so, na kawo shayi da biskit. Umma tana ba shi labarin yadda mai gidan haya ya ƙi gyara famfo, yana cewa "haka ne, Umma," sai kansa ya koma jikin kujera. Minshari ya tashi, irin wanda kofi yake rawa a kan faranti. Na miƙe zan tashe shi don kunya.

Umma ta riƙe mini hannu. "Tsaya."

Minsharin ya yanke. Ƙirjinsa yana ta ƙoƙarin ɗagawa amma babu iskar da ke shiga. Falon ya yi tsit, har ina jin fankar da ya gyara tana juyawa. Sai ya ja wani numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya buɗe ido jajir yana cewa, "Haka ne, Umma."

Da ya tafi, Umma ta bi ni kicin. "Auta, yaron nan lafiyarsa ƙalau?"

"Gajiya ce, Umma. Aiki ya yi masa yawa."

Ta ɗauki farantin ta wanke da kanta. Na tsaya riƙe da soso ba abin wankewa.

Jiya da rana ina tsakiyar yankan wani labule mai nauyi, wayata ta yi ƙara. Yayar Injiniya ce, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, nake ce mata Anti.

"Auta, kar ki tayar da hankalinki, da ransa. Ki zo asibiti."

Almakashin ya faɗi a ƙasa. Ban san yadda na yafa mayafi ba, a hanya na ga ashe baibai na sa shi.

A danja abin ya faru. Ya tsaya yana jiran a ba da hannu, barci ya ɗauke shi, ƙafarsa ta saki birki. Motar ta gangara ta haye gefen titi ta daki turken fitila. Anti ta ce wata mata da 'yarta sun bar wurin ke nan. Ta faɗi haka sau ɗaya, ba ta maimaita ba, amma ni har yanzu ina ganin yarinyar da ban taɓa gani ba.

Na same shi a zaune a kan gado, an ɗaure hannunsa na dama an rataya masa a wuya, goshinsa da ɗinki. Yana ganina ya yi murmushi. "Kin ga Ɗan Giwa ya yi karo da turke."

Ban iya dariya ba. Likitan da ke duba barcinsa ya shigo, wani mai furfura a gemu, ya ja kujera ya zauna.

"Yaushe rabonka da na'urar?"

"Ta ɗan samu matsala ne, likita."

"Kai da kake gyara wa mutane wuta?" Likita ya girgiza kai. "Kuma na ga ka je wurin abokin aikina kana neman a yi maka tiyata kafin bikinka. Na faɗa maka, ban hana a duba ba, akwai waɗanda take yi wa. Amma ba abin da ake yi a guje ba ne, kuma yadda maƙoshinka yake ban ga alamar za ta raba ka da na'urar ba. Abin bakin da ka saya a kanti kuwa ba a auna shi da haƙoranka ba. Ƙwallo a baya ma da nata masu amfanin, ba kai ba. Kana da maganin da ya yi maka aiki, ka ajiye shi. Idan takunkumin ne yake damunka, akwai wasu iri, a canza maka. Me ya faru?"

"Laifina ne, likita. Na gaji da ita ne kawai."

Bai kalle ni ba ko sau ɗaya yayin da yake faɗa. Da ma ya kalle ni, da ma ya nuna ni da hannun nan mai lafiya ya ce ga ta nan, da na fi samun sauƙi.

Anti ta raka ni bakin ƙofar asibiti. Ta buɗe bayan motarta ta ciro baƙar jakar nan ta ɗora mini a hannu.

"A saman kabad na same ta, ta yi ƙura. Na kunna, lafiyarta ƙalau." Muryarta ba faɗa a ciki, shi ne ma abin da ya fi ƙona ni. "Ban san me ya shiga tsakaninku ba, ban kuma tambaye shi ba. Amma ƙanena shekararsa biyu yana tashi da safe yana waƙa a banɗaki. Kwanan nan na daina ji. Ki tafi da ita, ki yi tunani. In ba za ki iya kwana kusa da ita ba, ki faɗa tun yanzu, ba wanda zai zage ki."

Yau da safe na fito da jakar falo. Umma tana zaune tana tsefe zaren wani tsohon mayafi. Na durƙusa a gabanta na zuge jakar, na faɗa mata komai, tun daga ranar da ya nuna mini har zuwa aljihunan da na ɗinka. Ina magana ina kuka, majina da hawaye, ba kyan gani. Na jira ta ce a fasa.

Ta ɗauki takunkumin ta juya shi a hannunta. Ta shafa robar da babban yatsa.

"Wannan ɗin ne yake hana numfashin ɗaukewa?"

"Eh, Umma."

"Da ma akwai maganinsa?"

Yadda ta yi tambayar ne ya sa na ɗago kai. Idonta ya cika.

"Haka Abbanku yake yi," ta ce. "Tun muna da ƙuruciya. Ya yi minshari, ya yi shiru, in zuba masa ido ina jira, in na ga shirun ya yi yawa in taɓa shi da gwiwar hannu ya ja numfashi. Shekara da shekaru ban yi barci mai nauyi ba. Mutane suna yi masa dariya, shi ma yana yi. Hawan jini ya zo, muka ce gado ne. Ban sani ba ko shi ne ya kai shi ga kwanciya, Allah ne masani. Amma ba wanda ya taɓa ce mana ciwo ne, balle a ce ga abin da ake yi." Ta rungume na'urar a ƙirjinta. "Ranar da yaron nan ya yi a falon nan, Abbanku na gani. Na tambaye ki, kika ce gajiya ce."

"Tsoro na ji, Umma. Kin ce lafiyayye."

"To ai lafiyayyen ne ya zo miki, da maganinsa a jaka. Ke kika raba shi da ita." Ta share ido da bakin mayafi. "Da na samu wannan a zamanina, Auta, a tsakiyar falo zan ajiye ta, duk wanda ya shigo ya gaishe ta. Tashi ki kira kafintan."

Muka tafi gidan tare, Umma da jakar a cinyarta duk tsawon hanya, ta ƙi yarda in karɓa. Kafinta ya riga mu isa. Na ce masa ya kwance ɓarin hagu ya fitar da tagar da ya ce tun farko, ko zanen zai lalace ya lalace. Bai ce "ai na faɗa miki" ba, Allah ya saka masa. Ya sa sukundireba, ya juya, sai ya tsaya.

"Wani ya taɓa kwance wannan. Ba ɗaurina ba ne."

Ya ɗaga allon ya jingine shi a jikin taga. Na matso da jakar a hannuna, na riga na ciro filogin.

Babu soket. Bango ne sumul, an cike ramin an shafe, an yi fenti kalar sauran ɗakin, aiki mai tsabta irin nasa. Sai da na shafa da tafin hannu na ji ɗan tudun wurin. Wato wata rana ya zo shi kaɗai da jakar kayan aikinsa, ya kwance allon da nake taƙama da shi, ya cire abin da ya sa wa kansa, ya mayar mini da kwalliyata yadda take, ko ƙura bai bari ba. Kuma a ranar, na tabbata, ya turo mini saƙon "kin ci abinci?" kamar kullum.

Na ce wa kafinta, "Baba, ba ni guduma."

"A'a 'yata. Akwai waya a cikin bangon nan, ban san inda ya tuƙe ta ba. Wanda ya rufe shi ne zai buɗe."

Na zauna a bakin katifar da ko ledarta ba a cire ba. Na ɗauki hoton bangon, da na'urar a ƙasa, filoginta a yashe. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura masa:

"Na faɗa wa Umma komai. Ina ɗakin, na cire allon. Ni na rufe, ni na ɗinka aljihun ina sane. Ka yafe mini. Don Allah ka zo ka mayar da soket ɗinka."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Da hannun hagu yake yi, na sani, amma ba hannun kaɗai ne ya jinkirta shi ba. Sannan saƙon ya shigo:

"Na yafe miki tun ranar, Auta. Na'ura kam zan koma mata, likita ya yi gaskiya, ki ba Anti ta kawo mini. Amma ranar da na shafe bangon nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Ban sani ba ko zan iya kwana a ɗakin."

Na karanta har haruffan suka narke a idona. Ban san na saki ƙara ba sai da na ji kafinta ya fita ya ja mana ƙofa.

Umma ta ajiye takunkumin a kan katifa, a gefen hagu, daidai inda kansa zai kasance. Ta gyara zaman mayafinta, ta miƙo mini hannu.

"Ba ni wayar."

"Umma, ba zai ɗauka ba."

"Kiranki ne ba zai ɗauka ba." Ta ciro tata daga jaka, tsohuwar nan mai fasasshen gilashi, ta kwafi lambar tana motsa leɓe, ta danna, ta sa a kunne.

Ina jin ƙarar shigar kiran daga inda nake zaune. Ta yi ta farko. Ta yi ta biyu. Na kama kaina na riƙe numfashi, ina jira.